Launin jig ba ya kama kifin bas sai an fara duba ruwa

Masu fatsar kifin bas, wani kifin ruwan daɗi mai farauta, a Amurka na cika akwati da jig kala talatin, alhali huɗu sun wadatar. Ni dai a ganina kuɗi kawai ake zubarwa. Jig ƙugiya ce mai kan dalma, an ɗaura mata geza ta roba, a maƙala mata jelar roba a baya don ta yi kama da jatan landen ruwan daɗi ko ƙaramin kifi. Kafin ka zaɓi launi, auna ruwan. Saka farin koto a hankali har ya ɓace wa idonka, ka duba tsawon zaren da ya nitse.

Idan ya ɓace kafin rabin mita, ruwan ya dagule ke nan, kamar yadda rafukan da ke zuba cikin tabki ke yi bayan ruwan sama. Ɗauki baƙi da shuɗi. Mutane da yawa na zaton ruwa mai laka sai launi mai haske, amma a nan bas inuwar abu yake gani, kuma baƙi ya fi kowane launi fitar da siffa. Ido ma ba shi ne kan gaba ba: akwai wani layi a gefen jikinsa da yake jin girgizar ruwa da shi. Don haka bar gezar da kaurinta, sa jela mai faffaɗan hannuwa da ke kaɗawa, ƙara ƴar kacau-kacau, ka jefa daf da kututture ko gindin ciyawa, domin a irin wannan ruwa ba ya nisa da maɓoyarsa. Giram 10 zuwa 14 ya isa. Wanda ya fi haka nauyi zai wuce ta gabansa ya faɗa ƙasa tun bai ankara ba.

Daga rabin mita zuwa mita ɗaya da rabi, kore mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa, wanda suke kira koren kabewa, shi ne abin dogaro. Tsoma bakin jelar kaɗan a rini ruwan goro in rana ta ɓuya. A ƙarshen hunturu masuntan Texas, a tabkuna irin su Sam Rayburn da Toledo Bend, suna komawa jan jig don ya yi kama da jatan lande.

Ruwa garai-garai, irin na tabkin Table Rock a jihar Missouri, nan ne aka fi yin kuskure. Kifin yana da lokacin ƙare wa koto kallo. Koren kabewa ko ruwan ƙasa zalla, ba ƙyalƙyali. Datse gezar da almakashi ta tsaya kaɗan a bayan lanƙwasar ƙugiya, rage mata kauri, cire kacau-kacau, ka koma siririn zare da ba ya nunawa a ruwa, sannan ka yi jifa daga nesa. Sau da yawa kwalekwale ko kaurin zare ne ya kori kifin, sai a ɗora wa launi laifi. Fari kuwa na lokacin da bas ke farautar ƙananan kifaye waɗanda cikinsu fari ne a sama-sama, kuma janyo shi ake yi yana iyo, ba a barinsa a ƙasa.

Wani binciken Jami'ar Illinois ya nuna idon bas ya fi tantance ja da kore, yana rikita shuɗi da baƙi, haka ma fari da ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido. Ka ga bambancin da ke tsakanin wasu fakiti biyu a kanti mai saye kaɗai ke ganinsa. Ga kuma zurfi: ja ne launin farko da ruwa ke shanyewa, don haka jan jig a mita bakwai duhu-duhu yake fitowa.

In ka yi minti talatin ba cizo, fara canza nauyi, daga giram 14 zuwa 10 ko zuwa 21, sai saurin janyowa, sai wuri. Launi shi ne na ƙarshe da za ka taɓa.