Wa ake kira lattikoma a ƙauyenmu?

Duk wanda ya yi firamare a karkarar Kano ko Jigawa ya san wannan kira. An buga ƙararrawa, wadda galibi tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a jikin darbejiya, an gama asambuli, sai ka ji monita ya ɗaga murya: "Lattikoma, ku tsaya nan!" Daga nan sai tsallen kwaɗo, ko tsintar leda, ko bulala biyu a tafin hannu.

Kalmar baƙuwa ce da ta samu wurin zama. Daga Turanci aka aro ta, bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta, har ta haifi 'ya'ya: "ya yi latti", "'yan latti", "kada ka sa ni latti". A ganina ta shiga ƙauyuka sosai ne tun shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, lokacin da azuzuwan boko suka bazu har inda mota ba ta zuwa. Kafin nan muna da tamu, wato makara.

Mutane na ɗauka latti da makara abu ɗaya ne. Ni ban yarda ba. Latti da agogo ake auna shi: an ce ƙarfe takwas, ka zo takwas da kwata, ka yi latti, ko da ba a fara komai ba. Makara kuwa da asara ake auna ta. Wanda ya farka da azumi ya ji ana kiran assalatu ya makara, domin sahur ya wuce shi. Manomin da ruwan shuka ya sauka bai tanadi iri ba ya makara, kuma rumbunsa ne zai gaya masa da kaka. Mai kai sa kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, idan ya bari rana ta take kafin ya isa kara, dillalai sun gama da manyan masu saye, sai ya sayar a wulaƙance ko ya koro abinsa gida. Babu monita a duk waɗannan wurare. Abin da ya wuce ka shi ne bulalarka. (Ga kuma ɗaya makarar, ta ɗaukar gawa, wadda a rubuce ba ta da bambanci da wannan sai a karin murya. Masu wa'azi sun daɗe suna wasa da kalmomin biyu.)

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ɗan birni yana cewa mutumin ƙauye bai san darajar lokaci ba. Mutumin da ke yin binne tun kafin ruwan farko ya sauka? Mutumin da ya raba yininsa zuwa asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar da almuru tun kafin a kawo agogo? Je ka ɗaurin aure a ƙauye ka makara da minti goma, ka ga ko za ka tarar da wani abu ban da goro da "ai an shafa fatiha". Jana'iza ma haka. Mu ne muka ce da sanyin safiya ake kama fara, mu ne kuma muka ce in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana.

Abin da ya fi damuna da kalmar lattikoma shi ne wanda ake jifa da ita. Yaro ne kullum. Ban taɓa jin an kira malamin da ya iso ƙarfe tara a kan babur daga cikin gari lattikoma ba. Ma'aikacin asibitin da mata masu awo ke jira tun hantsi, "yana hanya" ake cewa. Ɗan siyasar da ya tara dagatai da masu unguwanni a rana tun ƙarfe goma, ya iso bayan la'asar, maroƙi ne ke tarbarsa da kirari, sai mai gabatarwa ya ce "uzuri ne ya riƙe mai girma". Babba yana da uzuri, yaro yana da laifi.

To wane ne wannan yaron? Sau da yawa yarinya ce da ta je rijiya sau biyu kafin gari ya waye, ta kai koko bakin kasuwa. Ko yaro ne da ya yi karatun allo bayan asuba, ya kai awaki bakin daji, sannan ya kama hanyar ƙafa daga wata ruga ko unguwa mai nisa. Da damina akwai rafin da sai ya janye ake haye shi, kuma mutanen yankin Hadeja da Auyo sun fi kowa sanin wannan. Da hunturu, a watan Janairu, rana ba ta fitowa a Kano sai kusan ƙarfe bakwai, ga hazo ga sanyi, ga yaro ba rigar kirki. Agogon makaranta bai san da wannan ba, yadda yake a tsakiyar birni haka yake a ƙauye.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Akwai yaran da ke tsayawa jifan mangwaro ko kallon ƙwallo a hanya. Akwai iyayen da ba su ɗauki boko a bakin komai ba, in ba a matsa ba sai yaro ya riƙa zuwa lokacin tara. Makaranta ba ta tafiya in kowa zai zo sa'ad da ya ga dama. Ban ce a daina tsawatarwa ba. Tambayata ita ce, yaron da ya rasa minti ashirin na darasi, wace dabara ce a tsayar da shi a waje ya yi shara na wasu minti arba'in? Latti ya zo da shi, mu kuma muka mayar masa da shi makara. Wani ma in ya hango an tare ƙofa, sai ya juya ya ɓuya a gonar dawa har a tashi, gobe ya ƙara, jibi ya daina zuwa ɗungurungum. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 don a dawo da yara aji, amma a wasu makarantun bulalar bakin ƙofa tana korar waɗanda suka kawo kansu.

Alhali muna da wani misali a masallacin da ke jikin makarantar. Wanda ya tarar an tayar da salla, malamai suna kiransa masbuƙi. Ba a tare shi a ƙofa. An ma hore shi kada ya zo da gudu, ya taho cikin natsuwa, ya shiga sahu, ya bi liman a inda ya same shi, bayan sallama ya miƙe ya cika abin da ya wuce shi. Ya rasa falalar zuwa da wuri, wannan kowa ya sani, amma sunan da aka ba shi yana tafe da hanyar gyara. Lattikoma ba ta zo da komai ba sai kunya.

Da hedimasta zai bar yaro ya shiga aji tukuna, a rubuta sunansa, in ya maimaita sau uku a kira uban ta hannun mai unguwa a ji dalili, da an fi gane wanda rafi ya tsare da wanda mangwaro ya tsare. Hukunci kuma a bari sai an tashi. Littafin da za a rubuta sunan yaran, a buɗe masa shafi na biyu na malamai, a ajiye shi inda kwamitin iyaye zai iya dubawa.

Ranar Litinin da ta wuce na bi ta ƙofar makarantar ƙauyenmu wajen takwas da rabi. Yara bakwai na durƙushe a rana, monita na tsaye a kansu da tsumagiya. Na leƙa ajin da za su shiga in an sallame su, ba malami a ciki. Na tambayi monitan, ya ce, "Baba, yana hanya."