Rashid Khan da ƙofar da manyan ƙasashe suka ƙi buɗewa

Duk lokacin da aka koka cewa manyan ƙasashe sun danne ƙanana a wasan kurket, sai a nuno Rashid Khan, gwanin jefa ƙwallo na Afganistan, a ce ga shi nan, ai ya kai. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba.

An haife shi a 1998 a lardin Nangarhar na Afganistan, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Pakistan saboda yaƙi. Yana ɗan shekara 17 ya fara yi wa ƙasarsa wasa, a karawa da Zimbabuwe a 2015. Amma kasuwa ce ta ɗaga shi. A 2017 ƙungiyar Sunrisers Hyderabad ta gasar IPL a Indiya ta saye shi kan rufi miliyan 40 na kuɗin Indiya. Can ya samu ƙwararrun masu horarwa, ya riƙa jefa wa gwanayen masu bugu ƙwallon nan tasa mai murɗewa da sauri mako bayan mako, har hannunsa ya faɗa. Abin da ya rasa a gida ke nan, domin Afganistan a Indiya da Daular Larabawa take buga wasanninta na gida.

Sakamakon kowa ya gani. A 2024 ya jagoranci ƙasarsa ta doke New Zealand da Ostireliya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta T20, wato gajeren wasan kurket.

To, yara nawa IPL za ta ɗauka? Ɗan kasuwa wanda ya riga ya nuna yake saye, ba ruwansa da raino. Rainon aikin ICC ne, hukumar kurket ta duniya, kuma nan take gazawa. An ba Afganistan da Ayalan damar buga wasan kwana biyar, wato Test, tun 2017, amma ba a saka su cikin ƙasashe 9 da ke gasar Test ta duniya ba. Shi ya sa Rashid, wanda ya fitar da masu bugu 11 a nasarar da suka yi kan Bangaladash a 2019, da ƙyar yake samun irin wannan wasa. Abin na ci mini rai, domin jefa ƙwallo irin tasa a dogon wasa ta fi nuna kanta.

Ayalan ta san zafin wannan. Ɗan wasanta Eoin Morgan ya bar ta a 2009 don neman babban fage, kuma Ingila ya ɗauko wa kofin duniya a 2019. Muddin ICC ba ta wajabta wa manyan ƙasashe karawa da ƙanana a kai a kai ba, yaro mai baiwa a Nefal ko Namibiya zai ci gaba da jiran ɗan kasuwa ya hango shi.