Kiɗan da ba ya kiran sunan kowa

A 1978 wani ma'aikaci ɗan Nijar, Mamman Sani Abdoulaye, ya shiga situdiyon gidan radiyon ƙasa a Yamai da ogan ɗinsa na lantarki, wato na'urar kiɗa mai maɓallai kamar fiyano, ƙirar kamfanin Orla na Italiya, ya naɗi kaset guda. Babu 'yan amshi, babu kalangu, babu goge. Shi ne da yatsunsa, sai ɗan bugun ganga da na'urar ke fitarwa da kanta, kuma kusan dukan kaset ɗin zallar kiɗa ne. Kwafin da aka buga bai wuce kimanin ɗari ba. A wancan lokacin su Kraftwerk, ƙungiyar makaɗan lantarki ta birnin Düsseldorf a Jamus, suna kan ganiyarsu, duniya na ta mamakin yadda mutum zai yi kiɗa da na'ura kaɗai, alhali ga wani a bakin kogin Kwara yana yin nasa ba tare da ya jira izinin kowa ba.

Duk wanda ya tashi a Nijar a shekarun 1980 ya san kiɗan nan, ko da bai san mai shi ba. Shi ake sakawa a radiyo da gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, idan an gama wani shiri ana jiran na gaba. Manya a Yamai sun san Mamman Sani, amma mu yaran Maraɗi "kiɗan tele" kawai muke ce masa, kuma a tsakar gidanmu ban taɓa jin wani ya tambayi wane ne ya yi shi ba. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfani na birnin Portland a Amurka, Sahel Sounds, wanda Christopher Kirkley ya kafa, ya sake buga shi a faifan garmaho. Daga nan aka fara gayyatar dattijon Turai yana wasa. Ni da nake zaune a Berlin na ga faifan a kantin sayar da faifai, da hotonsa da sunansa a bango, an jera shi kafaɗa da kafaɗa da na Jamusawa da Ingilishi.

Na yi murna, kuma na ji ciwo. Ciwon ne ya sa ni wannan rubutu.

Bari in fara da abin da nake gani a nan. A Berlin mutum zai sayi tikiti, ya shiga zaure mai duhu, ya tsaya awa guda ko fiye yana sauraren wani da ke bayan teburi cike da wayoyi da maɓallai, ba a furta kalma ko ɗaya ba. Makaɗin ba shi da uban gida. Sau da yawa ba shi ma da kamfani: a ɗakinsa ya haɗa kiɗan, ya ɗora a Bandcamp, wani shafin sayar da kiɗa a intanet, shafin ya cire kusan kashi 15 cikin ɗari, sauran ya shiga aljihunsa. Idan gidan radiyo ya saka aikinsa, akwai ƙungiyar GEMA da ke bin lissafi tana karɓo masa haƙƙinsa. A watan Maris na 2024 har an sanya al'adar tekno, wato kiɗan rawa na lantarki, ta Berlin cikin jerin abubuwan gadon da Jamus ke alfahari da su. Ba wai duk makaɗan nan sun yi arziki ba, da yawansu suna aikin kanti ko gidan abinci da rana. Amma idan ɗayansu ya ce ga aikina, kiɗa ne zalla, na cakuɗa wannan salo da wancan, ba mai ce masa to ina waƙar.

A gida kuwa wannan ce tambayar farko. Na daɗe ina juya dalili, kuma ban yarda da masu cewa kunnen Bahaushe ne ba ya jin kiɗa sai da magana ba. Wa ya taɓa tsayawa a hawan salla ya ji algaita da kakaki bai ji tsigar jikinsa ta tashi ba? Wa ya ji sarewar makiyayi da yamma ya nemi a ƙara masa baiti? Kunnen yana nan. Matsalar tana wajen wanda ke biya.

Kiɗanmu tun asali a hannun uban gida yake. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Ɗanƙwairo ya zaga fadoji. Shata ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi. Ɗan Anace yana da 'yan dambensa. Yau kuma 'yan siyasa da masu biki ne suka riƙe harkar. Ka lura da lokacin da hannu ke shiga aljihu a wajen biki: lokacin da aka kira sunan mutum, aka ambaci ubansa da kakansa da garinsu, sannan yake miƙewa ya yi liƙi. Ko inda baki ya yi shiru, ganga ba ta yi ba, domin kalangu da kotso da taushi suna faɗin taken mutum, kuma mai taken yana ji ya san da shi ake. Wato hatta zallar kiɗanmu na gargajiya suna yake kira. To ga Mamman Sani ya zo da abin da ba taken kowa ba ne, ba kirarin kowa ba, ba zambo ba. Wa zai miƙe ya yi masa liƙi? Shi ya sa wurin da aka samar wa kiɗansa shi ne giɓin da ke tsakanin labarai da shirin manoma.

Kuma shi ya sa irin wannan aikin yake fitowa daga mutanen da ke da wata hanyar cin abinci. Mamman Sani haifaffen Accra ne, ɗan boko, ya yi aiki da UNESCO, ta hanyar aikin ma ya sayi ogan ɗin a hannun wani ɗan Ruwanda. Ba gadon kiɗa ya yi ba, ba ya jiran kyautar kowa. Hama, wanda samarin Yamai ke kira Hama Tekno, direba ne. Da tsohuwar fiyanon Yamaha yake ɗaukar waƙoƙin Buzaye da na karkara yana mayar da su kiɗan lantarki mai sauri. Aikinsa ya bazu daga waya zuwa waya ta memori da Bluetooth, galibi ba suna a jiki, kafin Sahel Sounds su fitar da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Ba mu kaɗai ba ne: Hailu Mergia na Habasha ya naɗi nasa shi kaɗai a 1985, ya shafe shekaru yana tuƙa tasi a Washington, sai a 2013 aka sake buga kaset ɗin ya koma dandali. Amma labarin Hama ya fi taɓa ni, saboda shi ne hujjata. Dubban wayoyi sun ɗauki kiɗan da babu kalma a ciki, ba talla, ba radiyo, don kawai ya yi wa mutane daɗi. Masu saurare sun samu. Hanyar da ko dala za ta bi ta isa hannunsa daga waɗannan wayoyin ce ba a gina ba.

Yanzu in juyo kan mutanen nan da nake zaune cikinsu, don su ma ina da magana da su.

Bajamushe ya girmama faifan Mamman Sani, ya biya kuɗinsa, ya adana shi. Amma idan ka zauna da su ka ji abin da suke faɗi a kai, na'urar suke ji. Za su yi ta maganar taushin sautin tsohon ogan, da ƙarar kaset, da hamada, da sararin samaniya, da yadda wai kiɗan ya riga zamaninsa. Ni ba sararin samaniya nake ji ba. Ina jin karin waƙoƙin Wodaaɓe da Buzaye da Zabarmawa da namu, irin wanda mata ke rerawa, irin wanda ake ji a bakin rijiya. Yawancin waƙoƙin yankinmu a kan hawa biyar na sauti suke tafiya, har ma baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai kan ishe ka ka fitar da da yawa daga cikinsu, kuma a kan wannan hawa biyar ɗin ya gina aikinsa. Hannun hagu yana riƙe da zagaye guda yana maimaitawa kamar yadda mai gurmi ke yi, hannun dama yana yin abin da bakin mawaƙi zai yi, ya kai jimla ya sauke, ya bar gurbin amshi, sannan ya amsa wa kansa. Wanda bai tashi da kiɗan amshi ba ba zai lura da gurbin nan ba. Abin da suke kira gwaji ko sabon salo, rabinsa tsohon abu ne da kakanninmu suka sani. Sabon da ke ciki shi ne ƙarfin halin cire bakin mutum a bar karin ya tsaya da ƙafarsa, a kuma ɗora shi a kan bugun da na'urar Italiya ta zo da shi don raye-rayen Turawa.

Wannan ne ya sa ba kowace cakuɗa nake yaba wa ba. Cakuɗa salo abu ne mai sauƙi yau. Duk mai kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio zai iya yanko kalangu daga intanet ya liƙa a kan tekno cikin minti goma. Na sha jin irinsa a nan, kuma wani lokacin sai in ji an datse kalangun a tsakiyar magana, an maimaita rabin jimla har ƙarshen kiɗan, mai haɗawar bai ma san gangar magana take yi ba. Jama'a na rawa, ni kuwa kunnena na jiran ƙarashen zancen da ba zai zo ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Cakuɗar Mamman Sani da ta Hama ta zauna ne saboda sun san gidan da kowane kari ya fito, sun san inda za a lanƙwasa shi da inda zai karye. Ko a tsakanin ayyukan Hama na fi son Torodi, na fiyano, a kan na baya da ya koma haɗawa a kwamfuta. Na biyun ya fi tsabta, na farkon ya fi jin hannun mutum.

Saboda haka idan aka ce in zaɓa, kunnen gida nake so da tsarin nan. Kuma mutanen da za su iya haɗa biyun suna nan birjik, mun ƙi ganinsu ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ce ƙashin bayan waƙoƙin fina-finan Hausa, daga baya kwamfuta ta karɓa. A Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi da Damagaram akwai samari a ƙananan situdiyo da suka shekara goma, goma sha biyar suna haɗa kiɗa dare da rana. Sun iya kwaikwayon kalangu da tabla ta Indiya da bugun Legas duk a waƙa ɗaya, wato cakuɗar da ake yi wa tafi a Berlin ita ce aikinsu na kullum. Ana biyansu sau ɗaya, mawaƙi ya tafi da waƙar, ta yi shekaru ana cin moriyarta. Idan an yi wa mai kiɗa karamci, a ambaci sunansa a farkon waƙa ko ƙarshenta. Sannan ga tsohon kallon da ake yi wa makaɗi a matsayin maroƙi, wanda har yau yakan taso idan saurayi ya je neman aure.

Wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya saboda addininsa, na girmama shi, ba da shi nake ba. Da mu nake, mu da wayoyinmu ke cike da waƙoƙi, muke rawa a biki, muke sanin sunan kowane mawaƙi da na matarsa, amma ba mu iya kawo sunan mutum uku da suka haɗa kiɗan da muke rawar da shi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Mai ɗora waƙa a YouTube ko Audiomack ya rubuta sunan mai kiɗa a inda ido zai gani. Gidajen radiyon FM da suka cika garuruwanmu su ware ko rabin awa a mako na zallar kiɗa, a faɗi wanda ya yi kafin a saka da bayan an gama. Mu kuma da ke waje, da muke da katin banki da ke aiki a waɗannan shafukan, mu saya maimakon mu ce a turo mana ta WhatsApp.

Ina da ƙane da ke wannan sana'a a gida. Kwamfutarsa cike take da kiɗan da mawaƙa suka ƙi, wai ya yi yawa, babu wurin saka baiti. Ya turo mini wasu, akwai wanda ya ɗauko karin waƙar daka ya ja shi a hankali, ya sa masa wani sauti mai kauri a ƙasa, ban ji irinsa a Berlin ba. Na ce masa ya zaɓi biyar ko shida, ya ba kowanne suna, ya sa nasa sunan a kai. Ya ce, "Yaya, wa zai saya?" Na ce ni zan fara, kuma zan buɗe masa shafin daga nan tunda karɓar kuɗin daga can yana da wuya. Ya ce in ba shi zuwa bayan salla, yana da waƙoƙin biki guda huɗu da ya karɓi kuɗinsu bai gama ba.