Layin da Inna ta hana a shafe

A bangon ɗakin Inna, a gidanmu na unguwar Gwange a Maiduguri, akwai wani layi ruwan ƙasa da ya kai ƙugun babban mutum. Nan ruwan ambaliyar Satumbar 1994 ya tsaya. Sau uku ana yi wa gidan fenti tun tasowata, kuma kowane karo sai ta tsaya a kan mai fenti ta ce, "Malam, ka bar mini wurin nan."

Mu da aka haifa bayan ruwan, a bakinta muka san shi. Yadda ta goya Yaya, ta ƙulle takardun gida a leda ta ɗora a ka. Yadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya saɓa Kaka a kafaɗa yana laluben hanya da ƙafa. Amma inda muryarta take rawa kullum shi ne wajen awakinta biyu da ta bari a ɗaure a turke. "Da na kwance su," in ji ta, sai ta yi shiru. Shekara talatin tana maimaita wannan magana, mutane suna ce mata, "Hajiya, ki manta, ai ya wuce."

To, ni dai yau ina gode wa Allah da ba ta manta ba.

A farkon Satumbar 2024, da aka fara raɗe-raɗin cewa dam ɗin Alau, wanda ke kan kogin Ngadda kusa da gari, ya cika maƙil, Inna ta riƙa aiken ƙanina kowace yamma ya dubo inda kogin Ngadda ya kai. Ana ta cewa a kwantar da hankali. Ranar Litinin, 9 ga wata, bayan la'asar ta ɗaure kayanta, ta sa aka kwance awaki aka tura su gaba, ta tattara mata da yara zuwa gidan ƙanwarta a Bulumkutu. Ni da Yaya muka ce za mu kwana gadin gida. Ta dube mu ta ce, "In ya zo, kada ku ɗauki komai, kada ku nufi gada."

Cikin dare ya zo. Kafin mu gama sa takalmi ya wuce gwiwa. Wallahi ba dabararmu ce ta fitar da mu ba, hanyar da Baba ya bi a 1994 muka bi, lungu bayan lungu, kamar yadda muka haddace ta a bakin Inna ba tare da mun san muna haddacewa ba.

Sauran labarin duniya ta gani. Ruwa ya shiga kasuwar Monday Market, ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa. Kadoji da macizai suka fito daga gidan dabbobi na Sanda Kyarimi, fursunoni 281 suka fice da katangar gidan yari ta faɗi. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe, aka sake buɗe shi, mutanen da rikicin Boko Haram ya taɓa kora suka koma kwanan tabarma a fili. Dubban ɗaruruwa suka rasa matsuguni, wasu suka rasa rai. Allah ya karɓi shahadarsu.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mun yi imani da ƙaddara, babu ja. Amma dam ɗin nan hannun mutum ne ya gina shi, aka kammala a 1986 don ruwan sha da noman rani, kuma ya taɓa nuna mana halinsa a 1994. Cikin shekara talatin ɗin da ke tsakani, unguwanni suka bazu har bakin kogi, magudanai suka toshe da leda, yaran gari suka girma babu wanda ya taɓa nuna musu a makaranta ko a masallaci inda tudu yake da inda kwari yake. Ilimin yana nan, a kawunan tsofaffi irin Inna, muna ce musu masu tsoro. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai an bar mai magana ya yi maganar.

An ce gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don gyaran Alau. Madalla, Allah ya sa a yi aikin da gaskiya. Ni nawa roƙon ƙarami ne: duk wanda yake da dattijo a gida da ya ga ruwan 1994, ko uwa da ta fito da goyo a 2024, ya zauna da waya ya naɗi muryarta. Wace hanya ta bi? Ƙarfe nawa ruwan ya iso? Me ta gani kafin ya zo?

Da muka koma gida bayan ruwa ya janye, laka ta kai idon sawu, tsohon layin ya ɓace ƙarƙashin sabo wanda ya wuce kaina. Inna ta daɗe tana kallon bangon. Sannan ta kira jikanta mai shekara bakwai, ta sa Yaya ya ɗaga shi har hannunsa ya taɓa wurin.