Nutso a teku da kuɗi kaɗan: lissafin Bature ba shi ne na Basakkwace ba

Duk wanda ya nemi tsibirin da ya fi arha wajen koyon nutso da tukunyar iska, sunaye uku zai riƙa cin karo da su: Koh Tao a Tailan, Gili Trawangan a Indunusiya, sai Utila a Honduras. Ba ƙarya aka yi ba, kwas ɗin farko a Koh Tao bai cika wuce dala 300 da 'yan kai ba, alhali nan Zanzibar inda nake zaune yakan haura dala 400. Sai dai masu wannan lissafi fasfo ɗinsu na Turai ne, suna sauka a buga musu hatimi su wuce. Mai koren fasfo da zai taso daga Sakkwato, kuɗin kwas shi ne ƙaramin abu a cikin kasafinsa. A ganina tsibiri mai arha gare mu shi ne wanda bizarsa da jirginsa ba su da wahala, ko da farashin nutson ya ɗan fi tsada.

Tailan tana neman takardar wanke kai daga hukumar NDLEA kafin ta ba ɗan Najeriya biza. Indunusiya ta sa mu cikin ƙasashen da sai an yi musu bincike na musamman. Tanzaniya ma ba ta ba mu biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, don haka kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin amsa ta fito. Zanzibar kuma tun daga watan Oktoba na 2024 ta wajabta wa baƙi sayen inshorar gwamnatinta, dala 44 kowane mutum. Wurare biyu ne suka fita daban. Maldibs tana ba da bizar kwana 30 a filin jirgi, kuma tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi, suna da ƙananan masaukai da ba su kai rabin kuɗin manyan otal ba. Sai Kef Bad, wadda ke cikin ECOWAS, ba ruwanta da biza. Garin Santa Maria a tsibirin Sal yana da makarantun nutso, illa dai ruwan Atlantika ya fi sanyi kuma murjaninsa bai kai na tekun Indiya ba. Katin rigakafin shawara kuwa a riƙe shi ko ina za a je.

Jirgi shi ke cinye kaso mafi girma. Daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku sai an bi ta Abuja, ko a shiga mota zuwa Kano a hau jirgin Habasha zuwa Addis Ababa, daga can a sauya zuwa Zanzibar. Tafiya Asiya ta fi nisa da tsada, sannan bayan saukar jirgi akwai motar dare da jirgin ruwa kafin a taka tsibirin. Ragin dala ɗari da aka samu a kwas ya riga ya narke a hanya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bambancin nutsonmu da wannan. Mutumin da ya tashi yana ganin Sarkawa a gulbin Rima, ko ya kalli masunta a Matan Fada ranar bikin Argungu, abin da ya sani shi ne a cika ƙirji da iska, a riƙe, a nutse. Gwani shi ne mai dogon numfashi. A nutso da tukunya, wannan gwaninta ita ce abin da ke kisa. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Wanda ya shaƙi iska a zurfin mita 10 ya riƙe ta ya taso, iskar za ta ninka girmanta sau biyu a cikin huhu, ta yaga shi, kumfa ta shiga jini. Ko a ruwan da bai fi tsayin mutum ba hakan na iya faruwa. Shi ya sa dokar farko da malami ke nanatawa ita ce kada a taɓa riƙe numfashi. Mai tsoron ruwa da ya fara daga sifili sau da yawa ya fi saurin karɓar wannan doka a kan wanda ya saba nutso a Kwalkwalawa, domin gwanin gulbi jikinsa ne zai yi abin da ya saba in ya firgita.

Amma iyo dole ne a iya. Kafin a ba da shaidar matakin farko, wanda ƙungiyoyin horar da masu nutso PADI da SSI ke kira Open Water, sai mutum ya yi iyon mita 200 ba tsayawa, ya kuma yi minti 10 yana shawagi a saman ruwa. Wannan a gida ya kamata a koye shi, a wurin ninƙaya na otal, ba a tsibirin da kowane kwana kuɗin masauki ne da dala. Karatun littafi ma ana yin sa ta intanet kafin tafiya. Kwas ɗin kwana uku ne zuwa huɗu, da nutso huɗu a teku, kuma yana ba da izinin zurfin mita 18. Akwai nutson ɗanɗano na yini guda da ba ya wuce mita 12. Yana da kyau ga mai son gwadawa, amma ba ya ba da shaida, don haka wanda ya riga ya yanke shawara kada ya biya sau biyu.

Takardar lafiya da ake cikewa ba ta ado ba ce. Mai sikila, mai farfaɗiya da mai juna biyu ba su nutso. Mai asma, ciwon zuciya, hawan jini ko ciwon suga sai da sa hannun likita, kuma ganin likita a Sakkwato ya fi sauƙi a kan neman sa a tsibiri ana gobe za a fara. Ga kuma wata matsala tamu ta musamman: mai tasowa a tsakiyar hunturu yakan zo da mura da toshewar hanci saboda ƙura. Da toshewar hanci ba a iya daidaita matsin kunne, wato a toshe hanci a hura a hankali kowace mita ɗaya ana sauka. In kunne ya ƙi buɗewa aka matsa, dodon kunne na iya fashewa, hutu ya ƙare a rana ta farko. Maganin buɗe hanci ba mafita ba ne, don yana iya sakin mutum yana ƙasa, iska ta maƙale lokacin tasowa.

Ga lissafin iska, don a gane abin da ake saye. Tukunyar lita 12 ana cika ta zuwa matsin ba 200 (ba ɗaya kusan daidai yake da matsin iskar tudu), kuma ana so a fito da saura 50. Abin amfani ke nan lita 1,800. Sabon shiga yakan sha kamar lita 20 a minti a tudu. A mita 10 ya zama 40, tukunyar ta kai shi minti 45. A mita 20 ya zama 60, minti 30 ke nan. Saboda haka zurfi ba riba ba ne ga mai ƙaramin aljihu, balle ma launin murjani da kifi ya fi fitowa a ruwa mara zurfi. Wajen tasowa ana bi a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5 don iskar naitirojin da jiki ya sha daga tukunya ta fita ba tare da ta yi kumfa ba.

Inda ake tsimi shi ne masauki, abinci da kaya. Ɗaki mai fanka ya wadatar, mu da muka saba da zafin Afrilu a Sakkwato. A Zanzibar, Maafushi da tsibiran Perhentian na Malesiya mutanen gari Musulmi ne, abincin bakin hanya halal ne kuma mai arha, masallaci na kusa. Koh Tao da Gili kuwa wuraren shagalin dare ne, mai tafiya da iyali ya san da haka. Kada a sayi kaya sai tabarau da ya zauna daidai a fuska, sauran duk haya ne kuma galibi yana cikin kuɗin kwas. Sayen nutso shida ko goma a dunƙule ya fi sayen ɗai-ɗai. Mata su tambayi malama mace da rigar roba mai rufe jiki har idon sawu, makarantu da yawa suna da su.

Inda ba a ciniki kuma shi ne ingancin makaranta. A tambaya ɗalibi nawa malami ɗaya ke riƙewa. Huɗu ya yi, takwas ya yi yawa. A duba ko akwai tukunyar oksijin a cikin kwale-kwale, a tambayi inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato inda ake jinyar wanda kumfa ta shiga jininsa. A ɗanɗana iskar tukunya kafin a shiga ruwa, in tana warin mai ko hayaƙi a mayar, alama ce injin cikawa ya zuƙi hayaƙi. Inshorar tafiya ta gama-gari ba lallai ta ɗauki haɗarin nutso ba, sai a nemi ta musamman irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso.

Lokaci ma kuɗi ne. Zanzibar na shan ruwan sama mai yawa daga Maris zuwa Mayu, masauki ya yi arha amma ruwa ya yi duhu. Perhentian kusan rufewa take yi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Azumi da nutso ba su cika jituwa ba, domin ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon kumfar naitirojin. Ranar ƙarshe kuma a bar ta fayau: bayan nutso na kwanaki a jere ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18, makarantu da dama ma 24 suke cewa. Wanda jirginsa zai tashi Asabar da safe, nutsonsa na ƙarshe ya zama Alhamis, Juma'a ya je masallaci ya zaga kasuwa.