Ɗan haya a Legas: doka na bayansa, takarda ce babu a hannunsa

Wani ɗan'uwana mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya kira ni dab da faɗuwar damina, muryarsa na rawa. Shekara shida yana haya a wani ciki da falo a Agege, shi da matarsa da yara huɗu. Mai gidan ya aiko dillali cewa kuɗin haya ya ninka, in ba zai iya ba ya kwashe komatsansa kafin wata ya mutu. Ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri. Bayan kwana uku aka wayi gari an ɓalle kwano biyu daga saman inda yara ke kwana. Na ce masa, ina rasit ɗinka? Ya yi shiru. Duk shekarun nan hannu da hannu yake biya, bai taɓa neman ko guntuwar takarda ba, don kada dattijo ya ce ba a yarda da shi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne doka tana tare da shi, bai sani ba. Tun 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, jihar Legas ke da dokar haya wadda ta yi wa ɗan haya gata fiye da yadda mutanenmu ke zato. Mai biyan shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata notis na wata guda. Ko wa'adin ya cika, mai gida ba ya fitar da kowa da hannunsa: sai ya ƙara notis na kwana 7, sannan ya tafi kotu. Cire rufi, yanke wuta ko ruwa, turo 'yan daba, duk laifi ne da kan jawo tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Shi ma ƙarin kuɗi, ɗan haya na da damar kai ƙara kotu ta duba ko ya wuce hankali, ta gwada shi da abin da ake biya a unguwar, kuma ba a korarsa har sai an yanke hukunci.

Mai neman gida ya san wani abu: dokar ta ware Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA, ba ta aiki a can. Amma Agege, Ketu da Idi-Araba, inda Hausawa suka fi yawa, duk suna cikinta. Ke nan ba sai talaka ya je neman wani gida na musamman mai kariya ba. Kariyar tana tattare da ɗakin da yake ciki, muddin zai iya nuna wa alƙali cewa shi ɗan haya ne, ga abin da yake biya, ga ranar da ya biya.

A nan muke faɗuwa. Muna kiran abin kunya ko amana, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta bashi, a kuma kafa shaidu. Rasit haƙƙi ne da dokar ta wajabta wa mai gida ya bayar. Sai kuma takardar yarjejeniya, wadda da yawa kan sa wa hannu a tsaye dillali na azalzala. Notis ɗin wata shidan nan yana aiki ne idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba. Lauyan mai gida zai iya rubuta wata ɗaya, ka sa hannu, shi ke nan ka sarayar da wata biyar da kanka. Kwana guda da za ka kai wa mai karatu ya karanta maka ita ya fi la'adar dillalin daraja.

Ban ce dokar ba ta da rauni ba. Ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma har gobe ana neman na shekara biyu, domin masu nema sun fi ɗakunan yawa. Ga shi kuma tarar naira 100,000 ta haɗa mai karɓa da mai bayarwa, to wa zai kai kansa ƙara? 'Yan'uwanmu na Nima a Accra sun san wannan labari: dokar Ghana ta 1963 ta tsayar da kafin alƙalami a wata shida, masu gidaje na karɓar shekara biyu ido na ganin ido.

Masu gidan ma ba duka azzalumai ba ne. Akwai ɗan fansho, akwai gwauruwar da hayar ɗaki uku ce abincinta, ga hauhawar farashi da ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, ga tsadar siminti da kwano. In ɗan haya ya ƙi biya, shari'a ta yi ta jan ƙafa, sai mai gida ya ɗauki doka a hannunsa. Jinkirin kotu na cutar ɓangarorin biyu. Shi ya sa nake ganin cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'ar Legas, wadda ke sauraron rikicin haya kyauta, ta cancanci a yi shelarta da Hausa a masallatan Juma'a da kasuwanni. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su tanadi lauya ko guda da zai riƙa duba wa jama'a yarjejeniya kafin a sa hannu. Majalisun Kano da Kaduna kuma su dubi wannan doka, musamman sashen ƙalubalantar ƙarin kuɗi.

Ɗan'uwan nawa dai bai je kotu ba, ya ce ba shi da abin nunawa. Dattawan kasuwa suka shiga tsakani, aka rage ƙarin, ya ranto ya cika. Wannan karon ta banki ya tura, ya tsaya a ƙofa har aka rubuta masa rasit. Kwanon kuwa shi ya biya kafinta ya mayar, bayan ruwan farko ya jiƙa katifar yara.