Muna tsoron igiyar ƙasa, amma mun raina sauro da babur

Lokacin cirar gyaɗa a wani ƙauye can gefen Gumel na ga wani saurayi ya ɗaga damin harawa, ya hango baƙin abu a naɗe, wallahi kafin bakinsa ya ce innalillahi ƙafafunsa sun riga sun kai shi kunya ta uku. Ashe tsohuwar robar taya ce. Ranar Alhamis kuma shi ɗin dai na gani a kan babur zai tafi kasuwar Maigatari, su uku da akuya a tsakiya, ba hular kwano, yana ta zabga gudu yana dariya.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, toh amma wannan yaron maciji bai taɓa saransa ba. Daga ina tsoron ya zo?

Masu binciken halayyar ɗan adam suna cewa gado ne. Kakannin kakanninmu sun yi dubban shekaru a daji tare da kasa da kububuwa da gamsheƙa, wanda ya yi saurin zabura shi ya rayu ya haifi 'ya'ya, wanda ya tsaya dubawa kuwa sau da yawa bai kai ga aure ba. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya ba da labari a 1872 cewa ya manna fuskarsa a gilashin kejin kasa a gidan zu na Landan, ya ƙudurta ba zai motsa ba tunda ya san akwai gilashi, tana kawo sara sai ga shi ya yi tsalle baya. A 2017 ma wasu masu bincike a Jamus da Suwidin sun nuna wa jarirai 'yan wata 6 hotuna, ƙwayar idonsu ta fi buɗewa in sun ga maciji fiye da in sun ga kifi.

Na san da an ambaci Darwin wasu za su ce an zo da maganar nan ta cewa mutum daga biri ya samo asali. Ni ba can na dosa ba, abin da nake faɗa duk mai kiwon kaji ya gani da idonsa, ɗan tsakon da bai yi sati ba in shirwa ta gifta uwar ta yi ƙara sai ya lafe, waye ya kai shi makaranta? Allah ne Ya halicci jiki a haka, ana gadon tsoro kamar yadda ake gadon tsawo da launin fata.

Inda abin ke damuna shi ne wannan tsoron na jiya ne. Babur sai 1885 aka ƙera shi, jikinmu bai san shi ba. Sauro kuma tun tale-tale yana tare da mu amma cizonsa yau, zazzaɓin sai bayan sati ɗaya ko biyu, ƙwaƙwalwa ba ta haɗa su, sai 1897 wani likita ɗan Birtaniya, Ronald Ross, ya gano ƙwayar maleriya a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maciji na kashe mutum dubu 81 zuwa 138 a shekara, ba ƙaramin abu ba ne kuma manoma ne suka fi shan wahalar, amma maleriya na kashe kusan dubu 600, kusan kashi 30 cikin 100 a Najeriya, haɗarin hanya kuma ya haura miliyan ɗaya.

Shi ya sa ni ban yarda da masu cewa mutanen karkara taurin kai gare su ba don an raba gidan sauro sun kewaye yayyafin tumatir da shi. Abin da jiki bai jin tsoronsa sai an yi ta nanatawa, mai unguwa ya faɗa, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, shugabannin 'yan acaɓa su hana lodi a tasha in ba hula. A garinmu da daddare ba a ko kiran maciji da sunansa sai dai a ce igiyar ƙasa, amma jaririn da aka yi sunansa jiya yana kwance a tsakar gida cikin damina ba ko mayafi.